Da Hannuna Na Ɗaura Masa Zare

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Baba Tanko daga unguwar Yara a Keffi. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini.

Tun shekarar da aka ba mu jihar Nasarawa na bar dambe, amma babu karon da na manta. Jikana Habu bara ya fara. Da ya kayar da mutum huɗu, sai na ce a haɗa shi da mai riƙe da kambu a Gitata. Ubangidan Habu ya ce, "Baba, a bari ya ƙara kaka biyu, bai iya kare fuska ba." Na ce, "Kai, ina dambe ba a haife ka ba!" Da hannuna na ɗaura masa zare.

Turmin farko aka kwantar da shi. Yanzu kunnensa na hagu ba ya ji. Kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni, yana karkato mini na dama, bai taɓa ce mini komai ba.

Jama'a, kaka nawa ya kamata yaro ya yi kafin ya nemi kambu? Ni dai gobe da safe zan riga shi gaisuwa, in nemi gafararsa ta kunnen da ya rage.