Ƙauyen da Ba Sabis

A tasha, wani dattijo da wani saurayi suna zaune a benci ɗaya suna jiran mota.

"Baba, me kuke so a ƙauyen nan naku na bayan dutse? An ce ko sabis babu."

"Ai shi ne daɗinsa, ɗana. 'Yata a asibitin birni take aiki. Ta hana ni sukari, ta hana ni gishiri, har noma ta hana ni. Ina shigowa birni waya ba ta hutawa: 'Baba, me ka ci?' Amma da mota ta sha kwanar dutsen nan, na zama mai gidan kaina. Shayina sai cokali ya tsaya a ciki."

"To albishirinka, Baba! Ni aka turo in duba inda za a kafa ƙarfen sabis. Kafin damina 'yarka har ganinka za ta riƙa yi a waya."

"Ganina?"

"Har da kofin shayin. Wace mota ce ke zuwa can?"

"Ka ga waccan ja ta ƙarshen layi? Hanzarta, ta kusa cika."

Saurayin na ba da baya, dattijon ya faɗa farar motar da ke gabansu.

"Direba, ja mu tafi! Kujerar da ta rage ma tawa ce."