Niƙa da Rana Tsaka

A tashar Gezawa, garin dawa ne a girar mutumin da ke gefena. Hira yake da wata dattijuwa.

"Wai masu wutar sola sun ce mu koma niƙa da rana tsaka. Inna, da yamma mata ke kawo hatsi. In kore su?"

"Injinka ne na bayan asibitin ƙauyenmu?"

"Shi ne."

"Ranar da 'yata ta haihu, kun tayar da injinanku gaba ɗaya da la'asar, wutar solar ta ɗauke har a asibitin. Da fitilar waya aka yi mata ɗinki."

"Subhanallahi. Ta samu lafiya?"

"Da sauƙi. Ƙanwarta ma watan haihuwarta ya kama."

Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya tashi, ya ce bari ya koma wurin injinsa, bai jira mota ta cika ba.