Gurbin Ɗan Makiyayi

Shekarar da aka yi fari, a ƙofar kwalejin Tanut, Priskila ta matsa ta ba wani makiyayi wuri a kan benci.

"Kai ma gurbi kake jira, bawan Allah? Ɗiyata ce ta farko cikin masu jira. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ni dai ban ga romo ba. Kullum addu'ata wani yaro ya janye."

"Ni cire ɗana na zo yi. Shanu sun ƙare, kudu muka nufa. Shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu."

Priskila ta sunkuyar da kai. "Ban san a kanka addu'ar za ta faɗa ba."

"Ba ke kika hana ruwa ba, Iya. Tashi mu shiga tare, kafin a ba ɗan mai hanya gurbin."