Ni da Kurkunu Muka Ƙetare Iyaka

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, mai warkarwa!

Ni malamin firamare ne a Zoza. Ni ke koya wa yara cewa a tace ruwan tafki kafin a sha. Ni ne kuma, kuna ganina, na sha ban tace ba. Ilimi yana ka, ƙishirwa tana maƙogwaro.

Ikkilisiya ta zaɓe ni in jagoranci matasanmu zuwa sansanin bishara a Nijar, can bayan Maraɗi. Muna koyon waƙoƙi, mata suna daka mana dakuwar guzuri, sai kurkunu ya leƙo a idon sawuna. Ƙafa ta kumbura kamar turmi!

Baffa Tanko, yayan mahaifina, mai kula da tsafin gidanmu, ya zo dubiya da jan zakara a hammata.

Ya ce, "Sannu, ɗan boko. Ina Yesun naka, ya riga ka tafiya ne? Iskan gida ne ya ɗaure ka. Ƙafar da ta ƙi zuwa gindin tsamiya ba za ta ƙetare iyaka ba. Yanka wannan, ka tashi."

Na ce, "Baffa, a gafarce ni, tsutsa ce. Har hotonta yana littafin aji huɗu."

Ya ce, "To, littafin ya cire maka."

'Yan'uwa, bakina ne kawai ke da ƙarfi. Zafin ya kai na fara tunanin ko zakara ɗaya wani abu ne. Kurkunu kuwa ba a fizgarsa. A tsinke ake naɗe shi kaɗan-kaɗan, in ya tsinke ciki ƙafa ta ruɓe. Ranar tafiya ta matso, ko rabinsa bai fito ba.

Na yi addu'a a kishingiɗe, don durƙuso ya gagara. Na ce, "Ubangiji, ko ka cire ko ka bari, ba zan yanka ba. Zan tafi."

Na aika wa Baffa zakaransa. Matasa suka cicciɓe ni cikin mota, da tsinkena ɗaure a ƙafa. Haka muka ƙetare, ni da fasfo, kurkunu ba ko takarda.

A sansani, ana tsakiyar waƙar safe, jelarsa ta zare sumul. Halleluya! Na miƙe na yi wa'azi a tsaye.

Godiya ga Allah! Duk wanda ake matsa wa ya koma gindin wani itace, kada ka jira ka warke kafin ka ce a'a. Faɗe ta kana ɗingishi, Ubangiji zai riƙe ka. Amin.