Ranar da Matattun Marlsby Suka Bi Layi

Shugabar wannan taro, kuma shugabar majalisar ƙauyenmu, Uwargida Maureen Dodd. Mai girma limamin cocinmu, wanda ya ba mu aron maƙabarta bai ko tambayi abin da za mu yi da ita ba. Baƙinmu na Landan, waɗanda ruwan sama ya yi wa maraba kafin mu. 'Yan'uwana matattun Marlsby, maza da mata, da na ga yau kun wanke fuska: barkanku da zuwa.

Ga wanda bai taɓa hawa motata ba, sunana Clive Harbottle. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a wannan gaɓar teku. Na bar makaranta ina ɗan sha biyar, kuma har yau ban ji malamin da ya yi kewata ba. An ba ni magana ne don ni na haifi Rhona, wadda ta shirya fim ɗin da muke murnarsa. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidanmu barewar ce ke rarrafe. Ina godiya ga kwamiti, ina godiya ga matan da suka gasa kek, ina godiya ga uwargidana Glenys, wadda ta ce kada in wuce minti biyar.

Magana ta farko, kada mu manta inda muka fito. Shekara huɗu da suka wuce Rhona ta fitar da kashi na farko na fim ɗinta na gawarwaki masu tafiya. Wani mai sharhi a wata jaridar Landan ya ba shi tauraro ɗaya cikin biyar, ya rubuta cewa gawarwakin sun fi labarin rai. Ni kuwa, uban kirki, maimakon in lallashe ta sai na ce ana neman ma'aikaciya a gidan wayarmu. Ta dube ni ta ce, “Baba, saura ɗaya. In wannan ma ya faɗi, zan zo in sayar da kan sarki.” Rhona kuwa ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Magana ta biyu, ranar nan ta ɗaukar kashi na biyu. Kun tuna, mu sittin aka shafe da jinin ƙarya da toka. Aikinmu mu ratso yashi lokacin da teku ya janye, mu afka wa rumfar shayi ta bakin ruwa inda jarumar fim ta ɓuya. Teku ba ya jiran kowa, kayan ɗauka kuma washegari za su koma Landan, don haka sau ɗaya tak za a yi. Rhona ta sa ni a gaba, ta ce ba tunani, ba kunya, mu ɓalle ƙofar kawai.

Na taho ina gurnani, ina jan ƙafa, wanda a shekaruna ba sai na koya ba. Ina isa ƙofa na waiga, sai ga Maureen, mai shekara saba'in da takwas, ido ɗaya na reto a kumatu. Jama'a, hali zanen dutse. Uwata ba ta raine ni in shiga ƙofa gaban mace ba. Na ja gefe na ce, “Wuce, Maureen.” Ta ce, “Haba Clive, ai ka riga ni zuwa.” To, mutumin ƙasar nan in ya ga mutum biyu tsaye a bakin ƙofa, me ya sani? Ɗaya bayan ɗaya suka jeru, gawa sittin, kai a sunkuye, kowa yana jiran nasa. Dennis mahauci har ya ja kwalar wani da ya so tsallakewa, ya nuna masa baya.

Ruwa ya dawo. Rhona ta zo gabana, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Baba, ka kashe ni.” Sati shida ba ta kira ni ba. Ni kuma na daina bi ta gaban gidan waya.

Magana ta uku, ita ta tara mu. Rhona ba ta jefar da hoton nan ba. Ta zauna da shi, ta cire sautin duka, ta bar iska da ƙarar ruwa, ta sa shi ya zama ƙarshen fim. Mai sharhin nan dai, shi ba wani ba, ya ba ta taurari biyar. Ya rubuta cewa bai taɓa ganin abin tsoro kamar matattun da ba sa gaggawa ba, don sun san layi zai zo kansu, kuma zai zo kanka. Wata mai sharhin ta ce an yi shekaru ba a kwatanta Birtaniya haka ba. Ba duka suka yaba ba. Wani ya ce tsohon nan na bakin ƙofa ya cika iyayi. Wannan sharhin na yanke shi daga jarida na rataye a falo.

Wauta tawa ce, amma idon da ya ga zinariya a cikinta na Rhona ne. Ran da jaridu suka fito ta kira ni da safe, ta ce, “Baba, ka gaya wa gidan waya su nemi wata.” Rhona, a gaban mutanen da suka san ki tun kina zama bayan kujerar direba, ina faɗa: na taɓa cewa fim ba sana'a ba ce, kuma na yi kuskure. Ki yafe wa tsohonki.

Allah ya albarkaci Marlsby, masu rai da na maƙabarta. Allah ya ba 'ya'yanmu iyayen da suka fi ni gani. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya, a bushe. Shayi da kek suna bayan zaure. Ba sai na gaya muku yadda za ku tsaya ba. Maureen, yau ma ke ce gaba.

Na gode.