Wanda Aka Bari Shi Kaɗai

A tashar Goronyo, ana jiran mota ta cika, Malam Haliru ya ƙura wa littafin da ke hannun wata malamar asibiti ido.

"Ɗiyata, wanga na jikin bango ɗan ina ne?"

"Marubucin Japan ne, Baba. Duniya ta san shi."

"Kan mi yake rubutu?"

"Kaɗaici. Shekara talatin yana zaune shi kaɗai, ba mai yi masa sallama."

"Ba biki, ba suna, ba ta'aziyya?"

"Abin tausayi dai."

"Tausayin mi? Ni ma na rubuta labarin wani mai kaɗaici, na karanta ma abokaina. Sai sunka ɗauka kuka nika yi da su. Tun rannan zaurena bai rabu da mutane ba, kowa da tabarmatai. Shekara shida ban ƙara shafi guda ba."

Ta yi dariya. "Ai ƙauna ce, Baba."

"Ƙauna ce mana." Ya sake harar hoton. "Shi da ba a so, ga shi har Goronyo ana karatunai. Ni da anka so, ko ke ba ki tambayi sunana ba."