Ranar Kasuwa Na Zaɓi Gari

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu sauraro.

Bara na yanke shawarar barin Kaduna da mahaifiyata, saboda hayaniya tana tayar mata da hawan jini. Ba mu da mota, don haka na yi abin da jami'a ta koya mini, na je Danja bincike. Na tsaya a tasha, na ga motoci suna cika suna tashi, na ce magana ta ƙare. Ashe ranar kasuwa na je.

Bayan mun tare, wata safiya jiri ya kwashi Inna, ranar kuma ba kasuwa. Motar Funtua tana da fasinja biyu, direba yana shan shayi yana jiran ta cika. Inna ba za ta iya zama a babur ba.

Maƙwabcinmu Alhaji Sale, mai kai tumatir, ya gan mu ya tsayar da a-kori-kurarsa. Ya ce, "Hajiya, bismillah, gaba. Malama, ke sai haƙuri, baya." Haka na shiga Funtua da digirina a tsakanin kwanduna, ina leƙen ɗankwalinta ta gilashi, ina addu'a kada ya karkata.

Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu na samu gida a Funtua kusa da asibiti, amma ta ƙi. Ta ce, "Can wa ya san ni da zai tsaya?"

Ina gaida Alhaji Sale. Jama'a, ku ba ni shawara: in kai ta kusa da likita, ko in bar ta inda ake tsaya mata?